Gurgu da Baƙon Ikko

A Dakoro, shekara biyu bayan an sauke tutar Faransa daga ƙofar kumandan mai mulkin gari, in ka tambayi gidan Kaporal Abarci ba wanda zai yi maka dogon kwatance. Za a ce ka bi hanyar kasuwar dabbobi ranar Lahadi bayan la'asar, inda ka ji kamar jakai na gaisawa da ƙahon soja, to ka iso. Mutanen gari ke nan, abin da kunnensu bai saba da shi ba duk kukan jaki ne. Abarci kuwa ko a jikinsa. Yana cikin mazan jiya da suka yi yaƙin Turai suka dawo da ransu, kuma wanda ya ji ƙarar igwa a bakin teku, gulmar Dakoro ba ta hana shi barci.

Abin da ake ji ɗin sunansa jaz, kiɗan baƙaƙen Amurka. Mutum biyar ne kaf a garin suka kamu da ciwonsa, kuma duk Lahadi suna haɗuwa a rumfar ƙofar gidan Abarci, jikin dangar zana. Akwai Mushe Samba, Mushe kuwa Malam ke nan a bakin Faransawa, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ya yi karatu a Yamai ya dawo da tabarau da ra'ayi a kan kome. Akwai Na'Allah dillalin shanu, da Nagoggo shofer mai tuƙa motar kumandan. Sai Cindo, ɗan gwaggon Abarci, falke ne mai kai gero da fatu Najeriya ya dawo da atamfa da sabulu da allurar kiɗa. Injin da suke ji da shi Abarci na ce masa fono, yadda ya ji a barikin Faransawa, Cindo na ce masa garmaho, yadda ake faɗa a Kano, kuma shekara da shekaru ba wanda ya saki wa ɗan'uwansa.

Faya-fayansu in an tara sun fi talatin, amma ba duka ake yi wa kallon girma ba. Abarci na da wani akwatin katako da Agali maƙeri ya lulluɓe masa da jar fata, ya yi masa rami goma sha biyu, ya shimfiɗe kowane rami da guntun tsohon bargon soja. Gaskiyar magana, katakon ne bai kai ya yi sha uku ba. Amma Abarci mutum ne mai mayar da tilas doka, sai ya ce manyan faya-fayai goma sha biyu ne, su ne waɗanda in gobara ta kama gida za a fara fitarwa, sauran kuwa kowa ya ajiye nasa a ɗakinsa. Akwatin na zaune a gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi, don zafin Dakoro na lanƙwasa faifai kamar ganyen da ya sha rana.

Shiga akwatin nan ba a yi sai da kokowa. Wanda ya kawo sabon faifai shi zai nuna wanda yake so ya kayar daga cikin sha biyun. A saka wannan a ji, a saka wancan a ji, a yi gardama har makogwaro ya bushe. Daga nan kowa ya fito da goro ɗaya ya ajiye gaban wanda ya fi burge shi. Abarci ne ya kafa wannan ma. Ya ce shi ɗan mutane ne, a gidansu makaɗi ba ya tashi hannu wofi, ko da kuwa a cikin baƙin faranti yake zaune. Da yake makaɗan na can bayan teku, mai faifai ne ke karɓar musu goron. Wanda goronsa ya fi yawa ya shiga rami, wanda ya faɗi a naɗe shi a tsumma a mayar wa mai shi.

Sunayen da ke rubuce a kan faya-fayan Mushe Samba kaɗai ke wahalar da harshensa a kansu. Sauran sun raɗa wa kowanne nasa. Akwai Bazawara, wata mai waƙa da muryar wadda ta ga duniya. Akwai Jirgin Kano, wanda mai piyanonsa ke gudu ba ya waiwaye. Akwai Rigimar Kasuwa, inda masu busa huɗu ke magana lokaci guda kuma kowa na da gaskiya. Duk sun sha kokowa, wasu sun fita sun dawo. Rami na farko ne kawai ba a taɓa taɓawa ba, don nan Gurgu yake.

Gurgu na Abarci ne, kuma ya girmi akwatin, ya girmi fonon, ya girmi auren Abarci ma. A wani sansani kusa da Marsai ta ƙasar Faransa ya samo shi, lokacin da aka janye sojan Afirka daga fagen fama aka jibge su cikin sanyi suna jiran jirgin da ya ƙi zuwa. Akwai baƙaƙen sojan Amurka masu tuƙa manyan motoci a gefen sansanin. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai wushirya, yana da fono a bayan motarsa. Ba ya jin Faransanci, Abarci ba ya jin Turancinsa, amma kullum Abarci ya zo sai ya matsa masa wuri. Ranar da za su rabu, dogon nan ya zare faifan da Abarci ya fi so ya miƙa masa. Ya nuna faifan, ya shafa fatar hannunsa, ya shafa ta Abarci, ya ce, "Afirka." Iyakar hirarsu ke nan a duniya. Abarci ya ɗauko faifan a cikin rigarsa, jikin fata, daga Marsai har Dakar har Maraɗi, sai a kan raƙumin da ya kawo shi Kornaka faifan ya tsage daga baki. Tun daga nan duk zagaye ɗaya sai allura ta yi tuntuɓe ta ce ƙas, kamar mai ɗingishi. Don kada allurar ƙarfe ta ƙarasa cinye shi, Abarci na fere ƙayar aduwa ya saka masa a madadinta.

Abu ɗaya ne ke ɓata wa Abarci rai a duk Lahadin Allah. Da zarar an ɗora Gurgu, sai matarsa Ladidi ta fara dakan tuwon dare a bayan zana. Ba ta yi a kan Bazawara, ba ta yi a kan Jirgin Kano, sai a kan Gurgu. Ladidi ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba, ita ce ta fara kiran abin kukan jaki kafin gari ya ɗauka. Abarci ya yi faɗa ya gaji, ya yi lallashi ya gaji, ta ce gero ba ya jiran Amurka. Daga baya ya koyi kawar da kunnensa daga zanar, ya manna shi a bakin fono.

Wata Lahadi bayan kaka Cindo ya dawo daga kudu, ya iso rumfa da wani abu a naɗe cikin sabuwar atamfa, yana tafe yana murmushin wanda ya ci riba. Aka gaisa, aka tambayi hanya, Na'Allah ya hura gawayin shayi. Cindo ya warware atamfar a hankali don a matsu.

"Wanga daga Ikko ya hito," in ji shi. "Ba Amurka ba, ba Hwaransa ba. 'Yan ƙasa ne suka busa shi, baƙaƙe irinmu, kuma can aka buga shi. Ina so shi shiga akwati."

Mushe Samba ya karɓa ya juya shi, ya karanta tambarin, ya taɓe baki. "Kowa ya samu ƙaho yanzu sai shi ce jaz yake yi. To, da wa za shi kama? In Rigimar Kasuwa ne, ina gaya maka tun yanzu, ka naɗe abinka."

Da Abarci ya yi shiru a nan, da ba a samu labari ba. Amma girman kai ya ɗan motsa masa, ya gyara zama ya ce, "Ku bar shi shi zaɓa. Akwatina ba hwadar sarki ba ce, babu wanda ya hi ƙarhin kokowa a ciki. Daga na ɗaya har na sha biyu."

"Daga na ɗaya, Kaporal?" in ji Cindo.

"Ka ji ni."

Ko wane ne a rumfar nan zai yi kamar bai ji ba, ban da Cindo. Shi taubashi ne, Allah ya halatta masa abin da ya haramta wa sauran, tun suna yara yake ƙwace wa Abarci hula a tsakiyar kasuwa. Ya miƙa hannunsa mai yatsa shida ya ɗora a kan rami na farko. "To, ga abokin kokowar baƙona. Tsohon nan ya daɗe yana cin goron banza."

Na'Allah ya daina fifita gawayi. Nagoggo ya dubi ƙasa. Abarci ya yi dariya don a ga haƙoransa kawai. Ba faifai kawai aka taɓa ba. Duk abin da ya dawo da shi daga yaƙi, lambar tagulla ce guda da ciwon gwiwa da wannan. Lambar kowane tsohon soja na da irinta, Gurgu kuwa babu mai shi daga nan har Tawa. Amma magana ta riga ta fita, kuma shi ya kafa dokar da bakinsa.

"Baƙo ake hwara ba ruwa," in ji shi. "Ɗora naka."

Cindo ya murɗa hannun fono har ya cika, ya sa sabuwar allurar ƙarfe, ya sauke ta. Aka ji shuuu na ɗan lokaci, sai ganga ta shigo, sai babban gogen nan da ake tsinka da yatsa. Na'Allah ya gyaɗa kai tun a nan, don shi yadda yake duba sa haka yake jin kiɗa, daga ƙafafu yake farawa. Sai mai ƙaho ya taso. Yaro ne, ana jin ƙuruciya a numfashinsa, yana hawa sama ba tsoro. Ya yi jimla guda ya tsaya. A inda ya tsaya ɗin, wani abu ya amsa masa wanda bai taɓa fitowa daga fonon nan ba. Kalangu ne, irin na Yarbawa, ya maimaita abin da ƙahon ya faɗa, ya ƙara masa da tambaya. Ƙahon ya ba shi amsa. Suka yi ta yi kamar tsofaffin abokai biyu da suka haɗu a bakin rijiya bayan doguwar rabuwa, wannan na cewa ina ka shiga, wancan na cewa kai dai bari.

Abarci ya ji tsigar jikinsa ta tashi, kuma haushin hakan ya kama shi. Ya so abin ya zama shirme. Ya saurara da kunnen neman aibu, bai samu ba. Abin da ya samu shi ne fuskar dogon nan mai wushirya, yana shafa fatar hannunsa. Shekarun nan duka Abarci ya ɗauka mutumin na nufin mu duka baƙaƙe ne. Yanzu da kalangu ke zaune daram a tsakiyar kiɗan kamar ɗan gida, ya ga ashe har da kiɗan kansa ake nufi. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Da faifan ya ƙare, Abarci ya share makogwaro ya ce, "Af, ashe bayina ne. Yarbawa dai ba su iya ganin taro ba su shigo da ganga ba." Shi Bagobiri ne, wasa tsakaninsa da Yarbawa gado ne, sai aka yi dariya, shi ma ya samu inda ya ɓoye fuskarsa.

Gardama ta ɓarke. Mushe Samba ya cire tabarau, alamar za a daɗe. Ya ce kiɗan ya yi daɗi, bai musa ba, amma daɗi daban jaz daban. Jaz na da gida, gidansa Amurka, kuma akwati na jaz ne ba na duk abin da ke sa ƙafa motsi ba. In aka buɗe ƙofar nan, gobe Na'Allah zai kawo mai gurmi ya ce a ba shi rami.

"In ya iya, mi zai hana?" in ji Nagoggo shofer. "Mushe, ni ban yi lakwal ba. Amma hanyar Maraɗi ina bin ta da motar kumandan, kuma kumandan ɗin yanzu baƙi ne kamar ni. Motar ba ta ce ba ta tahiya ba don ba annasara a ciki. Ƙahon ga na hannun yaron Ikko, kuma ya tuƙa shi."

"Mota daban, kiɗa daban."

"Kai da kullum kake cewa Gurgu tsohon yayi ne," in ji Cindo, "yau kuma kai ne lauyanshi?"

"Tsohon yayi ne, amma na asali ne. Gara tsohon zinari da sabon tagulla."

Na'Allah bai shiga zancen asali ba. Ya zuba shayi ya ce shi a sana'arsa akwai saniyar da ba a kai ta kasuwa ko ta daina nono, don ita ce uwar garke. Baƙon na da ƙafafu masu kyau, ya yarda, amma a nemo masa wani ramin. Cindo ya ce an riga an kama, ba a sauya abokin kokowa a tsakiyar fili. Duk suka juyo suna duban Abarci, shi kuwa yana fere ƙaya da 'yar wuƙarsa, a hankali, kamar duk duniya ba shi da wani aiki.

Ya zaro Gurgu daga raminsa, ya goge shi da bakin rawani, ya ɗora. Bayan sabon faifan nan mai ƙara, muryar Gurgu ta fito siririya, kamar daga ƙasan rijiya. Amma ta fito. Ƙahon ya fara tafiyarsa ta kullum, sannu, ba gaggawa, irin busar mutumin da ya yi kuka ya gama ya wanke fuska. Ƙas. Ya ci gaba. Ƙas. Kamar an aike ta, sai ga taɓaryar Ladidi a bayan zana. Abarci ya rufe ido don takaici. Yau ma, ranar da tsohon ke neman duk wani taimako, matar nan ba za ta bar shi ba.

Ko ferewar ce ba ta yi ba, ko ƙayar ce ɗanya, Allah masani. Ana tsakiyar faifai, inda ƙahon ke shirin hawa tudunsa, bakin ƙayar ya mutu. Muryar ta dusashe, ta nutse cikin shuuu, ta ɓace. Faifan na ta juyawa ba abin da ke fita. Abarci ya miƙa hannu ya ɗaga allurar, kunya ta rufe shi har wuya. A gaban baƙo, a ranar kokowa, gwaninsa ya zauna a tsakiyar fili.

Sai dai kiɗan bai tsaya ba.

Daga bayan zana taɓarya na sauka a daidai inda ganga ke sauka. A kan taɓaryar kuma akwai murya, ta mace, ba da baki buɗe ba, ta hanci, irin wadda mutum ke yi bai san yana yi ba. Ta ɗauki ƙahon daga inda ya faɗi ta hau tudun da shi. Ta bi duk lanƙwasar da yake bi, har ɗan jinkirin nan da yake yi kafin ya sauko, wanda Mushe Samba ya taɓa yi musu dogon bayani a kansa. Kuma duk zagaye ɗaya sai taɓaryar ta tashi sama, a ji tafi guda, ta dawo. Lugude take yi, tafin kuwa na faɗawa daidai inda tsagar ke cewa ƙas.

Ba wanda ya motsa a rumfar. Shayi ya tafasa ya zube a gawayi Na'Allah bai kula ba. Wata murya ƙarama ta shigo ta ƙasan ta farko, ta Bilki ce 'yarsu, tana yin abin da mai piyano ke yi. Suka kai waƙar har ƙarshenta, har 'yar wutsiyar nan da ƙahon ke ja kafin ya yi shiru. Daga nan aka ji Ladidi na cewa a miƙo mata rariya, da muryarta ta kullum.

Abarci ya zauna da ƙayar a hannu. Kunya ta kama shi kan shekarun da ya yi yana kawar da kunne daga zanar nan. Sai kuma wani abu ya biyo baya ya ture kunyar gefe, ya cika masa ƙirji har ya ji rigar ta matse shi. Alfahari ne, kuma bai yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Ya dubi abokansa ɗaya bayan ɗaya, don ya tabbata kowa ya ji abin da ya fito daga gidansa.

"A hito da goro," in ji shi.

Aka jera faya-fayan biyu a kan tabarma. Cindo ya ajiye nasa gaban baƙon Ikko, amma hannunsa ba shi da kuzarin ɗazu. Nagoggo ya bi shi. Mushe Samba ya ajiye gaban Gurgu, ya ce bai sauya ra'ayi ba, ko da yake abin da ya ji yanzu zai sa ya sake tunani a kan wasu abubuwa. Na'Allah ya ajiye gaban Gurgu shi ma. Biyu da biyu. Kowa ya saki numfashi, don saura goron mai gida, kuma ba a tambayar kura ina za ta kai nama. Cindo har ya fara jawo atamfarsa.

Abarci ya fito da goronsa, fari ne, babba, wanda ya ajiye tun ranar kasuwa. Ya juya shi a tafin hannu. Ya sunkuya da gwiwarsa mai ciwo, ya ajiye shi gaban baƙon Ikko.

"Kaporal," in ji Cindo, "wasa nike. Wallahi wasa nike. Ɗauke goronka, in kama da Jirgin Kano wata Lahadi."

"Goro in ya sauka ya sauka."

"To na janye baƙona."

"Ba ka isa ba. Ni na kahwa dokar ga, ba kuma a kaina za ta karye ba." Ya ɗauki sabon faifan da hannu biyu. "Wanda ya ba ni Gurgu ya gaya mani daga ina kiɗan ga ya hito, ni ne ban gane ba sai yau. Yaran nan sun tahi sun ɗauko shi sun maido shi gida. Mun samu ƙasarmu, in ce kuma kiɗanmu ya dawo in bar shi tsaye a ƙohwa? Mushe, ka ce jaz na da gida. Gaskiyarka. Gida biyu gare shi."

"Gurgu hwa?" in ji Na'Allah. Muryarsa ta yi rauni, don shi mutum ne mai tausayin tsofaffin dabbobi.

"Akwati don abin da ake tsoron ya ɓace ne. Kun ji da kunnenku inda Gurgu yake zaune. Can ko gobara ba ta kai."

Ya zura baƙon Ikko a rami na farko, ya rufe akwatin, ya ɗaure igiyar fatar. Zuciyarsa ta yi zafi lokacin da marfin ya sauka, ƙarya ne a ce ba ta yi ba. Ya naɗe Gurgu, ba a tsumma ba, a rawaninsa da ya kwance daga ka. Sannan ya tsince goro biyun da Gurgu ya samu. Bisa al'ada nasa ne, kuma Nagoggo har ya miƙo hannu a ɓara masa. Abarci ya wuce shi ya shiga gida kai ba rawani.

Ladidi na durƙushe tana tankaɗe, gari ya yi mata fari har gwiwar hannu. Bilki na ganin ubanta ta shige ɗaki da murmushi. Ladidi ta ɗago ta dubi kansa, ta dubi abin da ke naɗe a hammatarsa.

"Lahiya, Maigida? Ina rawaninka?"

"An ka da Gurgu. Ya hita akwati."

Rariyar ta tsaya. "Wa ya hid da shi?"

"Ni."

"Kai dai ba ka da kirki," in ji ta. "Duk cikin jakunan naku shi kaɗai ne mai hankali. Da shi na yaye ɗiyan gidan ga duka."

"Ba ki taɓa hwaɗi ba."

"Ka taɓa tambaya?"

Ya durƙusa gabanta, abin da bai yi wa kumandan ba ko a zamanin annasara, ya ajiye goro biyun a kan tabarmar da take tankaɗe.

"Na mine ne?"

"Na makaɗi ne. A gidanmu ba ya tashi hannu wohi."

Ladidi ta kalli goron, ta ce ita ba makaɗiya ba ce, 'yar malamai ce, kada ya ja mata zagi a unguwa. Tana faɗa tana goge hannu a zane. Ta ɗauki goron biyu ta ƙulle a bakin mayafinta, ƙulli biyu. Sannan ta miƙo hannu, ya ɗora mata Gurgu. Ta shiga ɗaki da shi, ya ji tana matsar da tasoshin jerenta, waɗanda ko Bilki ba ta isa ta taɓa ba.

A waje Cindo ya sake murɗa fono, kalangun Ikko ya fara kiran ƙaho. Ladidi ta fito ta tsaya a bakin turmi, ta karkata kai tana saurare, fuska a ɗaure kamar mai taya sa a kasuwa. Ta bari ya zagaya sau ɗaya, sau biyu. Sannan ta zuba sauran tsakin a turmi, ta ɗaga taɓarya.